Amsa ga 'yar uwar da mahaifiyarta ke Jidda ba igama

'Yar uwa, kin ce Mama ta haura shekara 20 a Jidda ba igama, wato takardar izinin zama a Saudiyya, kina tambaya ko ya dace a goyi bayan masu kiran a ba irinsu takardar aiki. Ki goya, wallahi. Ni ma takari na yi kafin na dawo Rigasa, na san abin da take haɗiyewa ba ta gaya muku.

Matar da na yi wa aiki, Allah ya isa tsakanina da ita. Wanki ni, girki ni, dare ya yi ina jinyar uwarta mai shanyewar ɓarin jiki, ni ke juya ta, ni ke canza mata shimfiɗa. Watanni suka taru ba albashi. Ranar da na buɗe baki na tambaya, ta ɗora wayarta kan tebur ta turo gabana, ta ce kira ɗaya za ta yi a zo a kai ni tarhil, inda ake tsare baƙi kafin a koro su gida. Tsohuwar tana jin mu daga ɗaki. Na koma kicin ina wanke kwanuka hannuna na rawa. Har yau ko riyal ban gani ba. Da ina da takarda, ta isa?

Masu cewa ai doka doka ce, to wa ke cin moriyar guminmu duk shekarun nan? Kuma ba sabon abu ake roƙo ba. Amurka ta ba mutum kusan miliyan 2.7 takarda da dokar 1986, Sifaniya ma ta yi a 2005. Saudiyya kanta ta buɗe wa'adin gyara takardu a 2013. Afuwar 2017 kuwa ta fita ce ba tare da tara ba, ba ta zama ba, shi ya sa tsofaffi da yawa suka noƙe.

Kafin nan, kar Mama ta bar kuɗinta ya taru a hannun kowa, ta karɓa wata-wata. Kar ku ba dillali ko sisi don ya ce zai yanko igama. Idan tsohon fasfonta na nan, ta adana, ta kuma san hanyar ƙaramin ofishin jakadancinmu na Jidda. Ku yawaita kiranta don Allah, ko da ba ku da abin faɗa. Ki same ni ta gefe, ki gaya min unguwar da take.