Likita Na Amsawa: Batun Biri, Sikila Da Kulorokwin

Ɗalibi daga Argungu: Likita, an ce mana mutum daga biri ya fito. Me ya hana biran daji zama mutane?

Ɗana, rabin zancen ka ji. Masana ba su ce biri ya rikiɗa ya zama mutum ba. Cewa suka yi mutum da manyan birai irin su cimfanzi tushensu ɗaya, suka rabu shekara miliyan 6 zuwa 7 da suka wuce, kowa ya kama gabansa. Masu cewa ba a taɓa tono ƙashin wata halitta ta tsaka-tsaki ba kuwa, ga Lucy, wata halitta da aka samu ƙasusuwanta a Habasha a 1974, mai shekara miliyan 3.2. Ƙugunta da cinyarta na mai tafiya da ƙafa biyu ne, amma ƙwaƙwalwar irinta ba ta wuce ta biri da yawa ba. A 2001 ma an tono wani ƙoƙon kai a hamadar Chadi da ya ninka ta tsufa. Wannan bayanin masana ke nan. Abin da ya shafi aƙida, malamai ke da magana.

Wata baiwar Allah daga Yauri: Da ni da wanda zan aura duk AS ne. Wai mai AS ba ya maleriya?

'Yar'uwa, yana yi sarai, sai dai ba kasafai take kai shi gargara ba. Shi ya sa jinin AS, wato na mai ɗauke da gadon sikila amma ba ya ciwon, ya yaɗu inda sauro ya yi katutu, kamar bakin Neja da fadamun shinkafa: yaran AS sun fi tsallake zazzaɓi, suka girma, suka haifi wasu. Yau kusan ɗaya cikin huɗu na 'yan Najeriya AS ne. Amma ki ji da kyau, kowane ciki kika ɗauka, ɗaya cikin huɗu yana iya zuwa SS, wato mai ciwon sikila. Wannan ba layi ba ne, balle a ce sai na huɗu. Ɗan fari ma yana iya zuwa da sikila. Ku je asibiti tare kafin a sa rana.

Magidanci daga Gusau: Me ya sa kulorokwin ya daina aiki?

Malam, ba jikinka ne ya saba ba, ƙwayar cutar maleriya ce ta sauya. Maganin ya kashe ƙwayoyin cutar masu rauni, masu taurin kai suka hayayyafa, har Najeriya ta koma ACT, wato haɗin magungunan maleriya, a 2005. A yi gwaji tukuna, kuma a shanye na kwana uku ko da jiki ya yi sauƙi.