Idan an riga an rubuta, me sallata za ta canza?

Tambaya: Malam, wani abokina ya daina sallah. Da na yi masa nasiha sai ya ce Allah ya riga ya san ɗan wuta da ɗan aljanna tun kafin a haife mu, don haka sallarsa ba za ta canza komai ba. Na rasa amsar da zan ba shi.

Amsa: Ɗan'uwa, wannan muhawara tsohuwa ce. Sahabbai na ƙarshe suna raye Ma'abad al-Juhani ya fito a Basra yana cewa babu ƙaddara. Daga baya Jahm bin Safwan, wanda aka kashe a shekara ta 128 bayan Hijira, ya ce bawa ba shi da zaɓi ko kaɗan, tilasta shi ake yi. Hujjar abokinka ta Jahm ce, ko da bai taɓa jin sunansa ba.

Malaman Sunna sun ƙi duka biyun. Allah ya sani, ya rubuta, kuma shi ne mahaliccin komai. Amma sanin abu daban, tilasta shi daban. Kowa yana jin bambancin hannun da zazzaɓi ke kaɗawa da hannun da ya miƙa ya ɗauki kayan wani. Shi ya sa shari'a ta ɗauke alƙalami daga kan yaro da mahaukaci da mai barci. Da kowa tilasta shi ake yi, ina amfanin ware waɗannan uku?

Abin da ya fi damuna shi ne, wa ya nuna wa abokinka abin da aka rubuta masa? Bai leƙa Lauhul Mahfuz ba. Shi ya zaɓi barin sallah, sannan ya jingina wa Allah.

Ka tuna masa da Sayyidina Umar. Yana hanyar Sham aka gaya masa annoba ta ɓarke, sai ya yanke shawarar juyawa da jama'a. Abu Ubaida ya ce, gudun ƙaddarar Allah za a yi? Umar ya ce eh, muna gudu daga ƙaddarar Allah zuwa ƙaddarar Allah. Bai ga wani karo tsakanin yarda da ƙaddara da ɗaukar mataki ba.

Sai ka tambaye shi cikin lumana: tunda arziki ma rubutacce ne, ya daina fita nema? In bai daina ba, to akwai yiwuwar wani abu ne ke cin ransa, ƙunci ko fid da rai daga rahama. Ku zauna ku biyu, ba a gaban mutane ba, ka fara sauraronsa kafin ka kawo aya.