Yadda za ka hana git-auto-fetch yawan leƙa GitHub

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne a Birnin Kebbi. Ina amfani da Oh My Zsh, manhajar da ke tsara taminal (wurin rubuta wa kwamfuta umarni), kuma na kunna git-auto-fetch, ƙarin manhajar da ke jawo sabbin canje-canjen aiki da kanta. Da datar wayata nake haɗa kwamfuta da intanet, ga shi git-auto-fetch tana ta leƙa GitHub, shafin da nake ajiye aikina a intanet, ba tare da na sa ta ba. Yaya zan yi ta rage?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanena. Gyaran layi ɗaya ne. Yadda ta zo, tazarar da ke tsakanin leƙe da leƙe sakan 60 ce. Buɗe fayil ɗin ~/.zshrc, ka rubuta wannan a saman layin da ke kiran oh-my-zsh.sh:

GIT_AUTO_FETCH_INTERVAL=1800

Da sakan ake ƙirgawa, wato minti 30 ke nan. Ka rufe taminal ka sake buɗewa.

Sai dai ka san cewa ba agogo ba ne da ke gudu a ɓoye. Duk lokacin da layin umarni ya dawo yana jiran ka rubuta, kuma kana cikin folda mai git (manhajar da ke bibiyar canje-canjen fayiloli), sai ta duba yaushe aka taɓa fayil ɗin .git/FETCH_LOG na ƙarshe. In tazarar ta cika, ta leƙa ta jawo sabbin canje-canje. In ba ta cika ba, ta yi shiru. Jawowar kuma ba ta taɓa fayilolin da kake aiki a kansu, kada ka ji tsoro.

Ga inda nake so ka natsu. Leƙen da bai tarar da sabon abu ba, datar da yake ci ba ta taka kara ta karya ba. Mai cinye data shi ne leƙen da ya tarar da sabon abu, domin umarnin git fetch --all da take gudanarwa yana bin duk sabar da ka haɗa da aikin, ya kwaso rassan aikin kowa, har da hotuna da manyan fayilolin da abokan aikinka suka tura. Buɗe FETCH_LOG ɗin ka ga abin da ya sauko a leƙen ƙarshe. In ka gano aikin mai nauyin, shiga foldarsa ka rubuta git-auto-fetch. Za ta kashe leƙen a nan kaɗai, sauran su ci gaba.

In kai kaɗai kake aikin, a ganina ka kashe ta gaba ɗaya, babu wanda zai tura abin da ba ka sani ba. In kuwa aikin rukuni ne, minti 30 ya isa, amma ka riƙa yin git pull, umarnin da ke jawo canje-canje ya haɗa su da fayilolinka, da hannunka kafin ka fara rubutu, da kuma kafin ka tura naka.