Amsa ga mai tambaya kan majinyatan da ke cewa "to" su koma gida su yi wani abu daban

Wa alaikumus salam ƙanwata, sannu da aiki. Kin ce ba ki daɗe da gama makarantar koyon jinya ba, an tura ki ɗakin mata da yara. Kina yi wa majinyata bayani suna cewa "to", bayan kwana biyar su dawo ba su sha maganin yadda kika faɗa ba, wasu kuma sai likita ya zo zagaye sannan su fito da abin da suka ɓoye miki. Kina tambaya ina gyaran yake.

A bakin mutanenmu "to" da "da sauƙi" ladabi ne, ba rahoton lafiya ba. Mutum na kwance bai iya ɗaga kai, a ce masa "ya jiki?", zai ce "da sauƙi, alhamdu lillahi". Haka aka rene mu, kuma ba ƙarya yake yi ba, gaisuwa ya amsa. Ki yi gaisuwar cikakkiya, kada ki tsallake ta, amma kada ki ɗauki amsarta ki rubuta a fayil. Bayan ta sai tambayar da ba a amsa ta da kalma ɗaya: "Daren jiya sau nawa ciwon ya tashe ki? Kokon da aka kawo kin shanye ko kin rage? Sallar asuba a tsaye kika yi ko a zaune?" Ma'aunin ciwo na sifili zuwa 10 da aka koya muku yana da amfani, amma tsohuwar da ba ta saba da shi ba za ta faɗi lambar da take ganin za ta faranta miki. Barci da ci da sallah sun fi gaya miki gaskiya. Musamman a ɗakin haihuwa, inda aka hori mace da cewa raki abin kunya ne, shirunta ba ya nufin naƙudar ba ta yi tsanani ba. Ki duba fuska da gumi da yadda ta damƙe ƙarfen gado.

Kafin ki buɗe baki, ja labule, ki samu kujera ki zauna, ki faɗi sunanki da abin da kika zo yi. Wanda ke kwance yana kallon mai farin kaya tsaye a kansa da biro, ji yake ana sauri, sai ya taƙaita. Kada a ji "gado na 6" a bakinki. Inna ce, ko Hajiya, ko Malama, gwargwadon shekarunta. In kika tambayi uwa sunan yaro ta sunkuyar da kai, wataƙila ɗan fari ne. Duba kati ko ki tambayi 'yar rakiya, kada ki matsa mata.

Sai ki bar ta ta gama maganarta ta farko. Wani bincike da aka yi a Amurka a 1984 ya nuna likitoci na katse majinyaci bayan kimanin sakan 18 da fara bayani. Wani kuma a birnin Basel na Suwizalan a 2002 ya gano cewa idan aka ƙyale su, yawanci ba sa wuce minti biyu. Minti biyun nan ba asara ba ne, domin abin da ya fi damun mutum ba kasafai yake fara faɗinsa ba. Yakan fara da ciwon kai, sai ya ga fuskarki a sake sannan ya kawo zubar jinin.

Ki kuma yi hattara da sunayen cuta. "Sanyi" na iya zama fitar farin ruwa, ko zafin fitsari, ko ciwon gaɓoɓi. "Basir" wani na nufin tsiro a dubura, wani jini a bayan gida, wani taurin ciki kawai. "Ciwon ciki" ya haɗa tun daga ƙahon zuci har mara. Duk wanda ta ambata, ce mata "yaya yake yi miki?", sannan "nuna min wurin da yatsa ɗaya". Ke ma ki yi amfani da kalmomin da ba sa sa mutum ya toshe: al'ada, gaba, mara, bayan gida, kwanciya da maigida.

Abin da ake ɓoye miki, sau da yawa ba ke ake ɓoye wa ba, wadda ke zaune a gefen gado ce. Amarya ba za ta faɗi ranar da ta ga al'adarta ta ƙarshe a gaban uwar mijinta ba. Ba korar tsohuwar za ki yi ba, don ita ce za ta riƙe maganin a gida. Ki ce: "Inna, zan duba ta, ɗan ba mu wuri, in na gama zan kira ki mu yi magana." Kafin ki kira ta, ki tambayi majinyaciyar me ta yarda a faɗa. Sakamakon gwaji irin na cuta mai karya garkuwar jiki ba a ba wa dangi shi don sun biya kuɗin gado. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta Najeriya ta 2014 ta wajabta riƙe sirrin majinyaci. In matar Fulatanci ko Barbarci take ji, nemi babbar mace cikin ma'aikata ta yi tafinta. Yaron da ta haifa ba zai fassara maganar mara ba, zai tsallake ta ne.

Maganin gida kuwa, in kika ce wa uwar yaro "ba dai kin ba shi jiƙo ba ko?" kin riga kin gaya mata amsar da kike so. Ki ce: "Kafin ku zo, me da me aka gwada? Na kemis, na gida, duk ina so in sani don kada su ci karo da namu." Ta ce an ba shi jiƙo da rubutu da ƙwaya uku daga kemis, ki karɓa ba tare da tsaki ba, ki nemi ganin ledar ƙwayar. In kika yi mata faɗa a gaban mutane, ke da jin gaskiya daga bakinta har a sallame ta, kuma makwabtanta na gado sun koyi darasi.

Yanzu ga inda aka fi yin ɓarna, wato bayanin sallama. Ana yin sa a tsaye, mai Keke Napep na jira, a jero abu goma. Ki zaɓi uku da in aka kuskure su za a cutu, ki fara da su, ki yi tun kafin a naɗe tabarma. "Sau uku a rana" ma'anarsa kowane awa 8, amma mai ji zai iya shanye ukun tsakanin karin kumallo da la'asar. Ɗaura shi a kan abin da ba a mantawa: bayan asuba, bayan azahar, sai wajen ƙarfe 10 na dare. "Cokali ɗaya" mililita 5 ake nufi, cokulan gida kuwa kowanne da girmansa. Ba ta sirinji mara allura, ki manna filasta daidai layin. Maganin zazzaɓin cizon sauro irin su Coartem sha shida ne cikin kwana uku: na biyu awa 8 bayan na farko, sauran safe da yamma, tare da madara ko abinci mai maiƙo don ya shiga jiki sosai, kuma in yaro ya amayar cikin minti 30 a sake ba shi. Ki gaya mata tun yanzu cewa zazzaɓin zai iya sauka a rana ta biyu, kuma nan ne ake ajiye sauran "don wani lokaci", sai cutar ta dawo.

Ruwan gishiri da sukari na gudawa ya fi kowanne shan kuskure. Duba jikin ledar garin, yawanci a lita 1 ake narkar da ita, wato ruwan leda biyu masu santilita 50. In aka zuba a kofi ɗaya don "ya yi ƙarfi", gishirin ya yi yawa, yana iya cutar da yaro. Ɗan ƙasa da shekara 2 a ba shi mililita 50 zuwa 100 bayan kowace gudawa, daga shekara 2 zuwa 10 kuma 100 zuwa 200, kaɗan-kaɗan da cokali. Ya yi amai a jira minti 10 a ci gaba a hankali. Abin da ya kwana ya kai awa 24 a zubar. Ƙwayar zinki kullum ɗaya har kwana 10 zuwa 14, ko gudawar ta tsaya, rabi ga jaririn da bai kai wata 6 ba. Jumlar da ake mantawa ita ce: wannan ruwan ba ya tsayar da gudawa, mayar da ruwan da ya fita yake yi. Uwar da ba a gaya wa haka ba za ta ba shi wuni guda, ta ga gudawa na nan, ta ce bai yi aiki ba, ta koma kemis. Ki ƙara mata da alamomin dawowa ko tsakar dare ne: ya ƙi nono ko ruwa, yana amayar da komai, ya yi laushi ba ya farkawa sosai, jijjiga, ko jini a kashi.

Kin gama, kada ki ce "kin gane?", don amsar "to" ce. Ki ɗora nauyin a kanki: "Ina so in tabbatar ban tsallake komai ba. In kin isa gida maigida ya ce me aka ce a asibiti, me za ki gaya masa?" Ko ki miƙa mata sirinjin ta ja ruwa ki gani. Inda ta kuskure ki sake faɗa da wasu kalmomin, ba da ƙarin murya ba, ta sake maimaitawa. A ganina wannan ɗabi'ar kaɗai za ta rage miki rabin damuwar da kika kawo.

Kada ki yi alkawarin da ba naki ba. "Ba komai, za ki warke" yana rufe bakin mai tsoro, kuma in abu ya juya dangi ba za su sake yarda da ke ba. Addu'a tana da wurinta, ki yi ta da zuciya ɗaya, amma bayan bayani: "Jininki ya yi ƙasa, shi ya sa za a ƙara miki leda biyu, zan riƙa leƙo ki. Allah ya ba da lafiya." Yaro ma kada a ce masa allura ba zafi, a ce za ta yi zafi kaɗan ta wuce, kuma ki hana uwa yi masa barazana da ke.

Na san za ki ce ina lokacin yake, ke kaɗai da gadaje talatin. Yawancin tambayoyin nan ana yin su ne hannu na aiki, wajen wanke ciwo ko canza ledar ƙarin ruwa. Banda lokacin awon hawan jini: magana na ɗaga lambar, don haka ki bar ta ta huta minti 5, ku yi shiru har na'urar ta gama, sannan ki faɗa mata abin da ya nuna da ma'anarsa.