Amsar Kawu kan ɓoye baƙon da ake farauta

'Yata, saƙonki ya iso. Kin ce kin karanta labarin mutanen Beljiyam da Faransa da suka riƙa ɓoye matuƙan jiragen yaƙin Ingila da Amurka waɗanda Jamus ta harbo a Yaƙin Duniya na Biyu, kina tambaya ko a al'adarmu ma wajibi ne mutum ya ɓoye wanda bai sani ba. Na yi murmushi, sannan gabana ya ɗan faɗi. Ina fatan dai karatu ne kawai ya kawo tambayar.

Waccan hanya ta tserar da su, da suke kira Comète, wata budurwa ce, Andrée de Jongh, ta shimfiɗa ta a 1941, tana da shekara 24. Daga Brussels a kai mutum Paris a jirgin ƙasa da takardun bogi, daga nan kudu, sai a hau duwatsun Pyrenees da ƙafa cikin dare, a tsallake kogin Bidasoa a faɗa Sifen. Sama da mutum 700 suka tsira ta nan. Gida ne ke miƙa wa gida, kowa mai karɓa daga hannunsa kaɗai ya sani.

Wannan miƙa-miƙar na gan ta da idona. A rikicin 1966 ina yaro, Baba ya shigo bayan isha da wani maƙwabcinmu Inyamuri, ma'aikacin reluwe, jikinsa sai rawa yake. Aka sa shi a rumbu, aka jera damman gero a bakin ƙofa. Inna ce ke kai masa tuwo a rufe da faifai, kamar mai zuwa ɗebo hatsi. Da wasu samari suka tsaya a ƙofar gida, Baba ya fito da buta da carbi ya zauna a zaure, bai ɗaga murya ba, bai kuma gusa ba har suka watse. Da asuba aka sa wa mutumin babbar riga da hular Baba, wani baffanmu ya goya shi a keke zuwa ƙauye. Wanda ya karɓe shi daga can, har Baba ya rasu bai faɗa mana ba. Da na matsa da tambaya, sai Kaka ta ja kunnena ta ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Shi kuwa Baba abin da ya ce kawai, baƙonka annabinka, wanda ya faɗo gidanka amana ne.

Kada ki ɗauka abin kyauta ne. An kama Andrée a watan Janairun 1943, ta sha azaba a sansanin fursunoni na Ravensbrück da ke Jamus, mahaifinta kuma Jamusawa suka harbe shi a 1944. Ita Allah Ya yi da sauran kwananta, daga baya ma ta yi jinyar kutare a Kwango da Kamaru da Habasha.

Abin da ke damuna da ku 'yan yanzu, baƙo bai gama shan ruwa ba hotonsa ya shiga WhatsApp. Da haka aka yi a gidanmu, da bawan Allahn nan bai ga safiya ba.

Batun ko wajibi ne kuwa, ga zamanin masu garkuwa da mutane da ba a san mai gudu da mai leƙen asiri ba, wannan ba zancen waya ba ne. Ki zo da hutu, ki taho min da mahaifiyarki, ita ma akwai abin da Inna ta faɗa mata.