Ƙwan dinya ya yi kwana 25 bai fashe ba

Malam, ka ce ƙwan dinyarka ya kwana 25 a injin ƙyanƙyasa shiru, ko ya lalace? Kada ka zubar. Kaza ce ke ƙyanƙyashewa a kwana 21, dinya sai ta kai 28 zuwa 32.

Riƙe zafi a digiri 37.5. Mu nan Gadarif, a Sudan, iskar rani busasshiya ce, ita ke sa ɗan ya maƙale a ɓawo, don haka ƙara ruwa a tiren injin, laima ta kai kashi 70 a kwana ukun ƙarshe, ka daina juyawa.

Da dare haska ƙwan da tocila. In ka ga duhu yana motsi, da rai. In ya huda ɓawo, yakan kwana guda ko biyu kafin ya fito. Ni gaggawar ɓare masa ta kashe min biyu.