Tambaya da Amsa: Ina so in sa alam a gidana, ta ina zan fara?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, barka da ƙoƙari. Ni manomi ne a wani ƙauye kusa da Gumel, bana Allah ya ba mu riɗi na ajiye buhuna a ɗakin da ke jikin zaure ina jiran kasuwa ta yi kyau, ga babur ga raguna da nake kiwo saboda Layya. To kwanaki an haura katangar maƙwabcina an kwashe masa awaki ba wanda ya ji ko motsi sai da asuba. Ƙanina da ke Kano ya ce in sa alam mai jiniya ɗin nan, ni kuma ban san kansa ba ga wuta sai jefi-jefi. Dan Allah a ba ni shawara kafin in zuba kuɗina.

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya mayar wa maƙwabcinka da alheri, kai kuma ya tsare maka naka.

Aikin alam ɗaya ne, ya tashi mutane daga barci, shi ke nan. Saboda haka kafin ka sayi ko ƙusa ka tambayi kanka, in jiniyar nan ta ɗauka ƙarfe biyun dare wa zai fito? Ka je ka samu mai unguwa da 'yan sintirin garinku da maƙwabta na hagu da dama ka gaya musu abin da za ka sa, ranar da aka haɗa a kunna kowa ya ji kukanta ya gane ta, in ba haka ba wallahi za ta yi ta ihu mutane suna juyi a kan gado suna zaton motar asibiti ce ke wucewa.

Sai ka zagaya gidan da rana ka duba inda katanga ta fi gajarta, inda bishiya ta jingina da ita, da ƙofar baya. Sansa, wato 'yar na'urar da ke gane an shigo ta sa jiniya ta ɗauka, iri biyu ce aka fi samu. Akwai ta ƙofa mai maganaɗisu, ɓari ɗaya a jikin ƙyaure ɗaya a jikin dokin ƙofa, da an buɗe sun rabu sai ƙara. Wannan ita zan fi ba ka shawara a ɗakin riɗi da inda kake kulle babur, ga araha kuma ba ta cika ƙarya ba matuƙar ƙyauren ba ya girgiza in iska ta taso. Ta biyun ita ce mai gano motsi, zafin jiki take ji, yawancinsu suna kai mita 10 zuwa 12 kuma ana kafa su sama kamar mita 2 da ɗan wani abu. Ita wannan a nan mutanenmu suke shan wahala, don a gidan ƙauye tsakar gida ba ta rabuwa da motsi, kyanwa, akuya, mai fita kewaye da dare, in ka sa ta tana kallon turke to ragunanka da kansu za su hana gari barci, kwana uku ana fitowa ba a ga kowa ba daga nan ba wanda zai sake fitowa. Ka sa ta cikin ɗakin ajiya inda ba mai shiga da dare, kar ta kalli taga ko murhu. Ka kuma sani a bazara lokacin da zafi ke wuce digiri 40 bango ya ɗau zafi kusan kamar jikin mutum, ƙarfin ganinta yana raguwa, da hunturu kuma ƙura ke rufe mata ido sai ana gogewa.

Maganar wuta kar ma ka dogara da NEPA. Na'urar ba ta cin wuta sosai, ƙaramin fanel na sola mai wat 20 zuwa 30 da kwanturola mai daidaita cajin batir da batir mai bolt 12 ya ishe ta, amma batirin nan zafi yana cinye shi, shekara biyu zuwa uku ka shirya canzawa. Ƙananan sansa marasa waya su ma da nasu batirin, ka riƙa dubawa.

Akwai mai ɗaukar sim wadda take kiran wayarka in an taɓa, tana da amfani ranar da ka tafi kasuwar Maigatari ko ka kwana a Kano. Ka sa layin da ya fi sabis a cikin ɗakin da za a kafa ta, ba a kan titi ba, a haɗa shi da NIN, ka riƙa sa masa kati don kar kamfani ya rufe shi. Lambarka da ta shugaban 'yan sintiri su za a fara sawa. Akwatin da ke sarrafa alam ɗin kuwa a ɓoye shi cikin ɗakin kwananka, jiniya kuma can sama inda hannu ba ya kaiwa.

Abu biyu nake roƙonka don Allah. Kar wani ya ba ka shawarar jona wayar wuta tsirara a katanga ko ƙofa, yaro ko almajiri ko kai kanka za ta iya kashewa, kuma hukuma ba za ta ƙyale ka ba. Sannan in an kama mutum a miƙa shi ga 'yan sanda, ku yi wannan yarjejeniyar da 'yan sintiri tun yanzu, don taron dare in ya fara duka ba ya tsayawa tambaya. Kai ma kar ka fito kai kaɗai, ka haska fitila ka jira jama'a.

Wajen saye ka sa ƙaninka ya tambaya shago biyu uku a Sabon Gari, a haɗa a gwada a gabansa, ya karɓi rasit da rimot biyu, wanda zai zo ya kafa kuma ya zama mutumin da aka san gidansu, yana gamawa ka canza lambobin sirrin da kanka.